Madarar Talata a Ƙofar Mista Cottlow

Sai a bugu na uku Glenys Pountney ta sauko daga bene, da rigar barci a jikinta, gashi duk a hargitse. Alf mai madara ne a tsaye, ya cire hula ya riƙe a hannu. Shekara goma sha biyu yana ajiye mata kwalba a bakin ƙofa, bai taɓa ƙwanƙwasa mata ba sai yau.

"Misis Pountney, a yi haƙuri da sammakon nan. Tsohon nan maƙwabcinki, tafiya ya yi ne?"

"Wace irin tafiya? Ina zai je?"

"To ai madarar jiya tana nan inda na ajiye ta. Tsuntsaye ma sun huda murfin sun shanye man saman. Ni dai tun da nake wannan layin, ban taɓa ganin kwalbar Mista Cottlow ta kai ƙarfe bakwai a waje ba."

Glenys ta leƙa ta kan ɗan shingen da ya raba gidajen biyu, ta yi fuskar wadda yanzu ta fara ganin kwalbar. Ba yanzu ta fara ganinta ba. Ta gan ta jiya da ƙarfe goma na safe, ta sake ganinta da yamma.

"Kina da makullinsa, ko?" in ji Alf.

Tana da shi. Yana rataye a bayan ƙofar kicin ɗinta da ɗan jan zare, kamar yadda nata yake rataye a kicin ɗinsa. Haka ake yi a layin: ka ba maƙwabci makullinka, shi kuma ya shekara ashirin bai taɓa sa shi a ƙofarka ba don kada a ce ya cika shisshigi.

Da ta murza makullin, ƙofar Mista Cottlow ta buɗe kaɗan ta tokare da wani abu. Alf ya matsa da gefe ya shiga, sai ta ji ya ce, "Ya Allah!" Da ta kutsa kai, ta tarar da Horace Cottlow kwance a ƙasan matakala, a kan sanyin daɓe. Yana sanye da babbar rigar sanyinsa ta zuwa coci, an ɗaura laktaye tsaf, takalmi ya sha goga. Hularsa ta gangara gefe. Kusa da hannunsa ga jakar fata a buɗe, filas ɗin shayi ya leƙo, da burodi da cuku a naɗe cikin takarda, kashi biyu, da taswira a ninke. Leɓunansa sun yi shuɗi, amma idonsa biyu.

"Ina kwana, Misis Pountney," in ji shi da wata 'yar murya. "Ki gafarce ni, ba zan iya tashi in gaishe ki ba."

Ta ruga gidanta ta kira motar asibiti.

Duk wanda ya zauna a wannan layin ya san abin da ke cikin jakar nan, domin Horace Cottlow bai bar kowa cikin jahilci ba. Shekara arba'in ya yi yana ba jirgin ƙasa hannu, bai yi aure ba, da ya ajiye aiki kuma sai ya shiga bin sawun sunan gidansu. Ya bi coci-coci a motar haya, yana roƙon a buɗe masa tsofaffin littattafan baftisma da na binnewa. Kowane Cottlow da ya tono sai ya yi masa kati guda: suna, ranar baftisma, sana'a, ranar binnewa. Katunan sun cika kwalayen takalmi goma sha ɗaya.

A faɗarsa, asalin sunan wani mutum ne Cotta, daga cikin mutanen Saxon da suka ƙetaro teku fiye da shekara dubu da ɗari uku da suka wuce. Da ya mutu aka tara ƙasa a kan kabarinsa har ta zama tudu, kuma a tsohon harshe irin wannan tudun shi ake kira low. Waɗanda suka zauna a gindinsa aka riƙa ce musu mutanen tudun Cotta. Da zamani ya zo da kowa sai ya ɗauki suna na biyu ya bar wa 'ya'yansa, sai sunan ya manne musu. Daga nan sai jerin jikoki: John maƙerin ƙusa, Margery da ta binne 'ya'ya bakwai a shekara ɗaya, Thomas da aka rataye saboda rago guda. Yayyen Horace uku sun tafi yaƙi ba su dawo ba. Shi kaɗai ya rage da sunan a duk lardin.

Labari ne mai daɗi a ji na farko. Glenys ta ji shi ya fi sau ɗari. In ya kama ta a bakin shinge tana shanya, sai sun ratsa ƙarni uku kafin ta gama da zanen gado. Har ta koyi leƙawa ta taga kafin ta fita da kwandon wanki.

Shekara biyu da suka wuce ya samo tudun kansa a wata tsohuwar taswirar gonaki. Yana cikin wata gona da motar haya ba ta zuwa, gwiwoyinsa kuma sun riga sun ƙi. A daidai lokacin ne mijin Glenys ya rasu ya bar mata 'yar motarsa, Horace kuwa shi ya riƙa gyara mata lambu ba tare da ta roƙa ba. Rannan ta miƙa masa shayi ta kan shinge ta ce, "Da zarar an samu rana mai kyau, ni zan kai ka tudun nan." A ƙasarmu mai yawan ruwan sama kuwa, duk wanda ya jingina alkawari da rana mai kyau, ya samu uzurin shekara guda cur. Ta samu na biyu ma.

Makon jiya ne ya tsayar da ita, yana murza hula.

"Misis Pountney, ba don in takura miki ba. Likita ne ya ce zuciyar tawa ta fara gajiya. Na ce ko kafin hunturu ya shigo sosai..."

Kunya ta kama ta. "Talata," in ji ta. "Ƙarfe goma. Ko ana ruwan ƙanƙara."

"Zan kawo abin taɓawa," in ji shi, fuskarsa kamar ta yaron da aka yi wa alkawarin zuwa bakin teku.

Talata ta zo da yayyafi. Da safe ƙanwarta Mavis ta bugo waya ta ce an kawo yadin labule mai kyau a kasuwa, ta zo su je. Glenys ta ce ba dama, tana da alkawari. Kuma a yi mata adalci, da niyyar cikawa ta fito. Ta isa 'yar ƙofar lambunsa, ta tura, sai idonta ya faɗa kan kwalbar madara. Ta tsaya. Ta ce a ranta ya makara, ko kuma ya manta da ranar. Abin da ta ji a lokacin ba tsoro ba ne, ba damuwa ba ce. Daɗi ta ji. Nan take ta samo wa daɗin riga mai kyau ta sa masa: ai rashin ladabi ne a tashi dattijo daga barci, in yana son tafiyar shi zai ƙwanƙwaso. Ta ja ƙofar lambun a hankali, ta shiga mota ta tafi wajen Mavis. Da ta dawo da yamma kwalbar tana nan, tagoginsa ba haske. Ta zagaya ta shiga gidanta ta ƙofar baya don kada ta sake ganinta.

A asibiti wata nas mai faɗin kafaɗa ta tare ta a bakin ɗaki.

"Ke 'yar uwarsa ce?"

"Maƙwabciya."

"To ki sani, ƙashin ƙugu ya karye, amma ba shi ne damuwarmu ba. Sanyin daɓen nan ya shiga huhunsa. Kwana guda cur a ƙasa, a wannan shekarun! Da jiya aka kawo mana shi, da wata maganar muke yi." Ta dafa hannun Glenys. "Allah dai ya sa yana da irinki a kusa. Wasu sai an yi mako ba a leƙa su ba."

Glenys ta so a ce matar nan mari ta sakar mata.

An jingina shi da matasan kai uku, ya ƙanƙance cikin rigar asibiti. Da ya gan ta ya yi ƙoƙarin gyara zama.

"Na ɓata miki rana, Misis Pountney. Kin keɓe min Talata guda, ni kuma na je na yi rawa a kan matakala."

"Haba, Mista Cottlow, bar wannan maganar."

"Ɗoki ne ya ja min. Tun shida da rabi na gama shiri, kamar ango. Ina saukowa da jaka a hannu ɗaya, taswira a ɗayan, babu hannun riƙe ƙarfen matakala." Ya yi tari mai tsawo. "Burodin nan ma ya lalace. Na sa miki irin cukun da kike so."

Ta so ta faɗa masa abin da ta yi ranar Talata. Sai ta ce, "In ka warke sai mu je."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ni da na karanta ranar binnewar mutum dubu biyu, kin ga ba a yi mini irin wannan lallashin. Amma ina da roƙo. Ki je ki gano min tudun nan. Taswirar tana tare da jaka, na yi masa da'ira da jan biro. Ki auna faɗinsa da taku, ki duba ko akwai itace a kai. Ki zo ki ba ni labari kamar yadda nake ba ki."

"Duka ƙarni goma sha ukun?"

Ya yi dariya har nas ta leƙo.

Washegari, Alhamis, ta ɗauki jakar fatar yadda take ta sa a kujerar gefe, inda ya kamata ya zauna. Ta duba agogo da ta bar layin, don ta san yadda za ta tsara dawowa kafin lokacin ziyara. Ta wuce gada, ta wuce cocin ƙauye, ta shiga wata siririyar hanya tsakanin shingaye, sai ga ƙofar gonar. Ta sake duba agogo. Minti ashirin da biyar. Ta zauna riƙe da sitiyari ta kasa fita. Zuwa gidan Mavis ma ya fi haka nisa.

Matar gonar, wata Misis Gittins mai jan kunci da takalman roba, ta fito da bokiti ta dubi taswirar a karkace.

"Wannan ɗan ƙullutun? Shi kika taso takanas ki gani? Baiwar Allah, ai ba abin da ke kansa sai kashin tumaki."

"Kabarin kakan maƙwabcina ne."

"Kakansa? Yaushe ya mutu?"

"An ɗan jima."

"To ki bi ta gefen shinge, kuma ki rufe min ƙofa. Mijina sau biyu yana so ya bi ta kansa da tarakta, uwarsa ta ce in ya taɓa shi sai dai ya nemi wata uwar. Ba ta san ma na wane ne ba. Wannan takalmin naki kuwa, ki yi masa bankwana tun yanzu."

Tudun bai kai yadda ta zata ba. Tsayinsa iya ƙirjinta, ciyawa ta rufe shi, da wata karkatacciyar itaciyar ƙaya a gefe guda. Tumaki huɗu suna kwance a kai, suka tashi da ƙyar suna hararar ta. Ta hau, ta taka daga wannan gefe zuwa wancan tana ƙirgawa da ƙarfi, ta sake yi don ta tabbatar. Daga sama ana hango duwatsun yamma shuɗi-shuɗi, da rafi yana ƙyalli a ƙasa. Mutum mai ciwon gwiwa ma zai iya hawa in an riƙe masa hannu. Wannan tunanin ne ya sa ta kuka, ita kaɗai a tsakiyar gona, takalmi cike da laka. Da ta share fuska ta kwance murfin filas ɗinsa, wanda yake shan shayi da shi, ta ɗebo ƙasa daga gindin ƙayar ta cika shi.

Da yamma ta same shi da robar iska a hanci. Numfashinsa yana fita da ƙara, amma da ya ga lakar da ke safarta idonsa ya yi haske.

"Kin je."

"Na je. Yana nan."

"Taku nawa?"

"Sha tara."

"Naki takun, ko na namiji?"

"Nawa mana, a ina zan samo na namiji?"

"To a ce sha biyar," in ji shi, da muryar mai rubutawa. "Itace fa?"

Ta ba shi labarin ƙayar, da tumakin, da duwatsun, da tsohuwar da ta hana a taɓa shi. Ta sa masa murfin filas ɗin a hannu. Ya ɗaga robar hancin ya shaƙi ƙamshin ƙasar, ya daɗe yana murza ta da yatsa.

"Ja ce," in ji shi. "Na yi zaton baƙa ce. Da nisa?"

Ta so ta ce awa biyu. Ƙarya ɗaya ce, kuma wa zai ƙaryata ta?

"Minti ashirin da biyar."

"Ashe kusa ne."

Ya ci gaba da murza ƙasar. Ita ce ta kasa jurewa. Ta matso da kujera, ta riƙe ƙarfen gadon.

"Mista Cottlow, ranar Talata... akwai abin da ya kamata ka sani."

"Motar nan taki," in ji shi, yana kallon ƙasar da ke hannunsa, "ki kai ta wajen bakanike kafin sanyi ya tsananta. Sau uku kika murza ta kafin ta tashi."

Glenys ta ɗago ta dube shi.

"Ka ji ni."

"Ƙofar lambun nan tawa tana da ƙara. Kullum ina cewa zan ɗiga mata mai."

"To me ya sa ba ka kira ni ba? Ka yi ihu mana! Ina nan a tsaye, makullinka yana gidana!"

"Na ji kin juya da hanzari. Na ce wataƙila wani uzuri ne ya taso miki." Ya numfasa. "Ban so in tsayar da ke ba."

"Ba uzuri ba ne. Kasuwa na je. Labule na je saye, Horace. Na ga madarar, na ga..."

Shekara goma sha takwas suna maƙwabtaka, yau ne ta fara kiran sunansa na fari. Ya ɗago yatsu biyu daga kan bargo, kamar yadda yake tsayar da jirgi.

"Wane launi?"

"Me?"

"Labulen."

"Kore," in ji ta, hawaye yana zuba.

"Zai dace da ɗakin." Ya rufe ido, har ta ɗauka barci ya kwashe shi, sai ya ce, "Kwali na goma sha ɗaya, katin ƙarshe. Akwai layi ɗaya da ba zan iya cikewa da hannuna ba. Da baƙin biro, don Allah. Shuɗi yana dusashewa."

Ranar Lahadi da rana ya cika, murfin filas ɗin yana kan ɗan teburin gefen gadonsa. Mutum shida suka je jana'iza, har da Alf mai madara cikin wata kwat da ta matse shi. Da aka sauke akwatin, Glenys ta juye jar ƙasar a kai. A wajen shan shayi kowa ya zo ya riƙe hannunta yana cewa tsohon ya yi sa'ar maƙwabciya. Ta ce musu ba haka ba ne, suka ɗauka tawali'u ne, suka ƙara yabonta. Labulen kuwa yana nan cikin takardarsa a ƙasan kabad, ba ta kwance shi ba.

Ofishin adana tarihi na lardi ya yarda zai karɓi kwalayen. Ana gobe za a zo ɗauka, ta sauko da makulli mai jan zare ta shiga gidan. Kwalayen suna jere a kan teburin cin abinci, kowanne da lambarsa. Ta buɗe na goma sha ɗaya, ta wuce yayyensa uku, ta zaro na ƙarshe. Rubutunsa ne ƙanana a tsaye: Horace Edwin Cottlow, an yi masa baftisma a watan Maris 1904, mai ba jirgi hannu. A ƙasa ya riga ya rubuta "an binne", ya ja layi da rula ya bar shi fari. Ta gwada biron a bayan hannunta ta ga baƙi ne, sannan ta rubuta ranar a hankali, ta mayar da katin bayan na 'yan uwansa, ta rufe kwalin.

Ta kulle gidan ta fita. Da ta ja ƙofar lambun, ta yi ƙararta mai tsawo. Glenys ta tsaya da hannunta a kai, a daidai inda ta tsaya ranar Talata. Sai ta sake tura ta, ta taka zuwa bakin ƙofar gidan a hankali, leɓunanta suna motsi. Taku huɗu ne, irin nata. A kan dakalin akwai ɗan zagayen da gindin kwalba ya bari, wani ƙaramin tsuntsu ya sauka kusa da shi, ya duba, ya tashi.